Bireka na faɗuwa? Kar ka yi saurin sa babba

Yau da matasanmu kafintoci nake magana, daga nan Miga har Jahun da Dutse, waɗanda suka tara ɗan jari suka sayi injin yankan katako suka kafa a gida.

Ƙorafin da na fi ji shi ne: da an kunna injin, sai bireka ta faɗi. Sai wani ya ce a cire mai amfiya 16 a sa mai 63, ko ma a haɗe wayar kai tsaye a huta. Don Allah kar ka yi haka. Bireka ba injinka take gadi ba, wayar da ke cikin bango take gadi. In ka sa wadda ta fi ƙarfin wayar, wayar ce za ta yi zafi ta narke, birekar na kallo. Ga garin katako ko'ina, ga bushewar hunturu. Jari da ɗakin kwana duk sai su tafi a dare ɗaya, Allah ya kiyaye.

To ya ake zaɓa? Fara da ɗan ƙarfen da ke manne a jikin motar injin, akwai amfiyar da yake ja a rubuce. Wutar da KEDCO ke rabawa gidaje a Kano, Katsina da Jigawa, a ƙa'ida bolt 230 ce. Inji mai ƙarfin doki 3, wato kusan wat 2,200, yakan ja amfiya 13 ko kusa da haka yana tsakar aiki. Amma a daƙiƙar da zai tashi, yana iya fizgar ninki 5 zuwa 7, ka ga ya kai 65 zuwa 90 ke nan.

Nan ne harafin da ke gaban lambar bireka yake da amfani. Mai B tana yankewa nan take in wuta ta ninka lambarta sau 3 zuwa 5. Mai C kuwa sai sau 5 zuwa 10. Shi ya sa B16 za ta yi ta faɗuwa, C20 kuma ta haƙura da fizgar farko, injin ya tashi lafiya.

Sai waya. C20 tana son wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. In rumfar aikin na da nisa da mita, sa mai 4. Kuma a ja wa injin layinsa shi kaɗai, ban da firji, ban da dutsen guga.

In duk ka yi wannan tana faɗuwa ana cikin yanka, saƙo take ba ka. Ko haƙoran zarton sun dakushe, ko kana tura katakon da ƙarfi, ko wutar ta yi ƙasa, don mota na ƙara jan amfiya in bolt ya ragu. Kashe ka duba.

Abu na ƙarshe, wannan birekar ba ta hana wuta jan mutum. Akwai wata daban mai miliamfiya 30, wadda ke yankewa da zarar wuta ta fara bi ta jiki. Sa ta, a kuma yi wayar ƙasa. Ka nemi ƙwararren mai aikin wuta ya haɗa maka, kuɗin aikinsa ba komai ba ne in ka gwada da asarar gobara.

Ka tura wa kafintan unguwarku wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.