Ci-rani Tsakanin Naira da Sefa

A da ɗan Maraɗi ko Damagaram yana gama girbi sai ya nufi Kano ci-rani: ga-ruwa, gadi, yankan farce. Naira tana da auki a lokacin.

Yau lissafin ya juya. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne tun 2024, a Nijar sefa 42,000. Kai su wurin ɗan canji a Jibiya, na Nijar ne zai rinjaya, domin sefa tana jingine da yuro, naira kuwa an sake ta a 2023 ta zube.

To me ya hana a daina zuwa? Aikin albashi kaɗan ne a Nijar. Nijeriya ma da ta ce rashin aiki ya sauko daga kashi 33 zuwa kusan 4, ma'aunin ta sauya: awa guda a mako yanzu aiki ne.