Jawabi Kan Rabon Kaso Tsakanin Abokan Sana'a

Abokai biyu sukan haɗa kuɗi su sayi injin niƙa, su ce riba raba-daidai. Bayan wata shida ɗaya ya tafi cirani, ya bar ɗan'uwansa da wahala, ya dawo yana neman rabinsa. Masu kafa sababbin kamfanoni a Amurka sun samo dabara: kason aiki yana zama na mutum sannu a hankali, cikin shekara 4. Wanda ya janye kafin shekara guda bai da komai, wanda ya cika ta ya sami rubu'i. Kuɗin da mutum ya zuba kuwa, lissafinsu daban ne. A rubuta yarjejeniyar gaban shaidu, sannan a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni.