Rawa Ma Sai Da Lafiyar Jiki

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, unguwar Hausari, Maiduguri

 

Maganarmu ta yau a kan masu rawarmu ta gargajiya ce. Kakanninmu da suka baro Kano, Katsina, Haɗeja da Damagaram suka zauna nan ƙasar Barno, sun zo da fatauci, sun kuma zo da kiɗa da rawa. Amma tun shekarar 2009 da fitina ta hana wasan dare, 'yan wasanmu suka daɗe a zaune. Da al'amura suka ɗan lafa aka koma fili, me muke gani? Ana buga kalangu, kafin minti goma mutum na haki, in ya juya sau biyu hajijiya ta kwashe shi. Wanda ya faɗi ya gurɗe ko ya karye kuwa, ya rasa rawa, ya rasa kasuwa, ga iyali na jiran cefane.

Ku dubi ɗan Koroso da tsalle da juyi, ko ɗan hoto da ke cilla garma sama ya tare ta. Abu biyu ke riƙe da su: dogon numfashi da tsayuwar ƙafa. Dukansu kuwa da atisaye ake samun su, da zama suke gudu.

Akwai rawar motsa jiki da Turawa ke kira erobik. Wani likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, shi ya yayata kalmar da littafinsa a 1968, a 1969 kuma Jacki Sorensen ta haɗa abin da kiɗa da rawa. Sirrinta shi ne a yi ta motsi ba tsayawa, minti 20 zuwa 30. Da haka zuciya ke ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, haki ya ragu. Tsayuwar ƙafa kuwa aikin abu uku ce: ido, can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi. In sun saba da juyi da canjin taku, mutum ba ya saurin tangaɗi.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da atisayen tsayuwar ƙafa aƙalla kwana uku.

To, jama'a, mu ba sai mun sayi kaset ɗin Turawa ba, kiɗanmu ya ishe mu. Ga shawararmu. Mu fara da kwana uku a mako, da sanyin safiya, domin kowa ya san a Afrilu zafin garin nan kan wuce digiri 40. Minti biyar na ɗumama jiki, minti 20 na rawa ba yankewa, daidai yadda za ka iya magana amma ba ka iya waƙa. A ƙarshe a tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, a canza, sannan a bi layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu. A zo da ruwan sha. Iyayenmu mata su yi nasu cikin gida. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙirji ya fara ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko a asibitin unguwa.

Sarakunan wasa, ku ne gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shiga fili da Salla ya fara shiri tun yanzu. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin mu tashi.

Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.