Kana da digiri, kana son wani a Ingila? Saurari wannan kafin ka cike fom

 Yau maganar kuɗin karatu za mu yi, musamman ga 'yan uwa mazauna Ingila da ke son komawa aji da girmansu.

Bari in fara da kaina. Na zo ƙasar nan da digirina na tattalin arziki daga gida. Da aiki ya ƙi samuwa da shi, na ce to bari in sake wani a fannin kasuwanci. Jami'a ta ɗauke ni, har na rage awannin aikina. Sai amsa ta zo cewa ba ni da bashin kuɗin makaranta. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, ga haya tana jira.

Me ya jawo? Akwai doka da suke kira ELQ, tun 2008 take aiki. Ma'anarta, in kana da shaidar karatu, gwamnati ba za ta tallafa maka ka sake wata daidai da ita ko ƙasa da ita ba. Kuma ku lura, digirin da ka yi a Kano ko Yamai shi ma ana lissafa shi, ko da kuɗin aljihunka ka yi shi.

Haka abin yake a GCSE. Wanda ya kai shekara 19 kuma bai samu maki 4 a Turanci ko lissafi ba, kyauta zai yi. Wanda ya riga ya samu, yana son ƙarin maki, shi zai biya.

Amma fa ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. An ware wasu fannoni: aikin jinya, ungozoma, horon malanta, da wasu kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci na wucin lokaci. Da na san haka tun farko, da ban yi asarar shekara guda ba.

Shawarata uku ce. Ka kai takardunka UK ENIC su faɗa maka matsayinsu a nan. Kada ka ɓoye tsohon digiri a fom, in an gano, sai a tsayar da kuɗin a ce ka mayar. Sannan kada ka taɓa aikinka sai ka ga amincewa a rubuce.

Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, ya aiko mana da labarinsa. Allah Ya buɗa mana. Sai mako mai zuwa.