Injin Lezan Nan Ba Jabu Ba Ne, A Cire Kwaɗon Nan

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayena dattawa, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, da ku samari da 'yan mata da aka ɗauka koyon aiki. Na san daga La'asar aka taso, kowa da abin da ke gabansa. Ba zan tsaya bayanin yadda injin leza yake ba, kun gan shi, wasunku ma an yi musu lambar gida ko maƙallin makulli da shi. Abin da ya kawo ni shi ne kwaɗon da aka garƙama wa ɗakin injin, da maganar da ta jawo aka garƙama shi.

Wai injin jabu ne. Wai kwantai ne da aka ƙi saya a can China, aka kwaso aka jibge mana, kuɗin na gaske kuma ya shige aljihun wasu. Na ji ta a teburin mai shayi, na ji ta a ofis, har wata baiwar Allah ta tare ni a hanya ta ce ta cire ɗanta ta mayar da shi wajen gyaran babur, don ba za ta bari ya ɓata shekara a kan injin da ko sunan mutum ba ya iya rubutawa a miƙe ba. Ban ga laifinta ba. An sha kawo muku kayan tallafi da suka mutu tun kafin masu ɗaukar hoto su isa gida. Amma wannan injin, na rantse muku na buɗe shi na duba, lafiyarsa ƙalau. A China aka ƙera shi, gaskiya ne, kuma ba shi ne mafi tsada a kasuwa ba. Irinsa ne dai masu buga lambar yabo da hatimi suke cin abinci da shi a cikin birni.

To me ya sa rubutun ke fitowa a karkace? Ku kawo min wancan katakon da ake ta zagayawa da shi ana nuna wa mutane. Yauwa, na gode. Ku duba, layin farko ya fara daidai, amma yadda aka sauko ƙasa haka haruffan suke ta zamewa gefe guda, har sunan ya kwanta. Kan injin nan zirga-zirga yake yi dama da hagu, yana ƙona layi ɗaya siriri, ya sauko kaɗan ya ƙona na gaba. Abin da ke jan sa bel ne mai haƙora, bel ɗin kuma yana zagaye da ɗan fuli da ke bakin moto. Fulin nan ɗan ƙaramin noti ne ke riƙe shi, wanda bai kai ƙwayar masara ba. In notin ya saki, moto zai juya amma fuli ya ɗan makara, kowane layi ya kauce da abin da ido ba ya gani. Layi ɗari ya taru, sai ga rubutu a kishingiɗe. Injin bai san ya kauce ba, don irin wannan moton lissafin taku kawai yake yi, ba ya waiwayowa ya ga inda ya tsaya.

Iyaye mata, ku da kuke da keken ɗinki, in bel ya saki ɗinki ya fara tsalle, kuna cewa kamfani ya cuce ku? Ɗaure shi kuke yi ku ci gaba da aiki. To daidai wannan ne.

A wata mazaɓa da ke cikin zagayena na tarar an lulluɓe injin da tabarma, an ɗora buhun gawayi a kai. Suka ce ai ya mutu, da'ira ma in aka zana sai ta fito doguwa, bakinta bai haɗu ba. Na sa yaro ya kashe wuta, na ce ya taɓa bel da yatsa. Sai ga shi yana lilo. Muka ɗaure shi da alanki, ba har ya yi tauri ƙam ba, don in ya yi tauri da yawa moto ne zai wahala, ya riƙa gurnani yana cin bel ɗin. Muka zana murabba'i na milimita 50 da da'ira a cikinsa a kan ɓallin falanki, muka auna da rula. Hamsin ta nan, hamsin ta can. Shugaban matasan wurin, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan maganar jabu, shi ya fara miƙo wayarsa a zana masa suna a bayan marfinta. Na hana, saboda robar marfin ba mu san irinta ba, zan zo kan wannan.

Wannan gwajin na murabba'i da da'ira, don Allah ku riƙe shi. Kafin wani ya sake buɗe baki ya ce jabu, a yi shi tukuna. In gefe ɗaya ya gaza, bel ne ko fuli. In kusurwa ba ta tsaya daidai ba, murabba'in ya jirkice, to sandar da ke ɗauke da kan injin ce ta goce, ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, a kashe wuta a daidaita ta. In kuma an ɗaure komai rubutu bai daina kwanciya ba, ku dubi gudun da kuka sa. Samarinmu akwai gaggawa. Mai biki ya ce gobe yake son kyaututtuka ɗari biyu, sai yaro ya ɗaga gudu zuwa milimita 500 a daƙiƙa, kan injin ya riƙa bugun bango yana ɓatar da taku. Ku sauko zuwa 200 ko 250 ku gani. Aikin da ka yi a awa biyu ya fito tsaf ya fi wanda ka gama a awa ɗaya ka biya kuɗin katakon mutane.

Akwai kuma wanda harafi ke fitowa da inuwa, baki biyu-biyu. Wannan ma ba mutuwa ba ce. Layin da aka ƙona a tafiyar dama da wanda aka ƙona a dawowa ne ba su haɗu ba. A cikin manhajar, ko RDWorks kuke amfani da ita ko LightBurn, akwai gurbin da ake daidaita wannan tazarar. Kafin malaminku ya nuna muku, ku sa injin ya riƙa ƙonawa ta hanya ɗaya kawai, zai ɗauki lokaci amma inuwar za ta ɓace.

Allah gafarta Malam, na san abin da ya fi ɓata wa dattawa rai shi ne allon nan na Larabci da aka yi wa makarantar Islamiyya, haruffa suka fito a rarrabe kuma daga hagu zuwa dama. Har na ji wani ya ce da gangan aka shirya injin ya ɓata rubutun addini. Subhanallahi. Jama'a, injin nan bai san Larabci ba, bai san Boko ba, bai san harafi ba sam. Zane kawai ake miƙa masa ya bi. Ɓarnar a kwamfuta ta faru, tun kafin a kunna shi. Wasu manhajojin ba su iya haɗa haruffan Larabci ba, in ka liƙa musu rubutu sai su wargaza shi su jera ta baya. Magani shi ne a rubuta a inda ya fito daidai, a mayar da rubutun ya zama zane tun a can. A CorelDRAW Ctrl da Q ake dannawa. Daga nan duk inda ka kai shi ba zai motsa ba. Kuma ku ɗalibai, wannan umarni ne ba shawara ba: kada a sake ƙona rubutun Larabci sai an buga shi a takarda an kai wa Malam ya karanta. Da an yi haka da ba mu zo nan ba.

Haka haruffanmu masu lanƙwasa. Wani ya kawo ƙara cewa an rubuta masa Ɗanladi, wurin harafin farko sai ga ɗan akwati. Samfurin haruffan da aka zaɓa ne ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Ku saukar da Noto Sans ko Andika ko Charis SIL, kyauta ne kuma suna da su. In kuma rubutu gaba ɗaya ya fito a juye sai an sa madubi a karanta, an bar saitin hatimi ne a kunne, ko kusurwar farawa da aka zaɓa a manhaja ba ita ce ta injin ba. Hatimi dama a juye ake sassaƙa shi.

Ina jin gunaguni daga can baya. Ɗan'uwa, ɗaga murya. Ka ce in ba jabu ba ne me ya sa ƙarfinsa ya ragu cikin 'yan watanni? To bari in tambaye ka, yaushe rabon da a goge madubansa? Madubi uku hasken ke bi kafin ya isa ƙwayar gilashin da ke tattara shi. Mun fito daga hunturu, taga a buɗe, ƙura ta kwanta a kansu, ga hayaƙin katako ya bi ya dafe. Da na ciro gilashin na nuna wa yaran, baƙi ƙirin yake. Auduga mai tsabta da sifirit, a hankali, ba da gefen riga ba. In zane ya yi kyau a kusurwa ɗaya ya dushe a ɗaya, maduban ne suka goce, a liƙa salatif na takarda a bakin ramin da haske ke shiga kan injin a harba a kowace kusurwa, tabon ya faɗa wuri guda. In harafi ya yi kauri ya yi dishi-dishi, tazarar da ke tsakanin gilashin da katako ce. Gilashin nan a milimita 50.8 yake tattara haske, shi ya sa aka haɗo da ɗan ma'auni a cikin kwali. Ina ma'aunin yake? Kun gani, ba wanda ya sani. Sannan a ce jabu.

Lokaci ya tafi, sauran zan bi su da sauri. Ruwan da ke sanyaya bututun gilashin da ke fitar da hasken kada ya wuce digiri 25, ga bazara na tafe, a Kano zafi na kaiwa 40, ku nemi ƙanƙara a gora ku jefa a bokitin. Kada a kunna in famfo ba ya zagaya ruwa, bututun zai fashe. A sa sitabilaiza, a binne wayar ƙasa, kada a haɗa shi a layi ɗaya da injin walda. A goge sandunan a ɗiga mai. Bayan injin akwai wutar da ta haura bolt 15,000, ko an kashe kada yaro ya sa hannu. Hasken ba a ganinsa da ido, saboda haka marfi a rufe, kuma wanda ya toshe makunnin marfin da tsinke na gani, na cire. Robar PVC da fatar roba ta kujera ba a ƙona su, hayaƙinsu guba ne ga huhu kuma yana sa injin tsatsa. Fatar da majemanmu suka jeme da bagaruwa ita ta dace, tana kuma ɗaukar zane da kyau. Kuma ba a barin inji yana aiki a tafi cin abinci, katako na kamawa da wuta.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. In aka rubuta cewa unguwar nan ta ƙi injin, ɗauke shi za a yi a kai wata mazaɓar, kuma ni ba ni da ikon hanawa. A ba ni makullin yau. Asabar da ƙarfe goma na safe za mu yi gwajin murabba'in nan a gaban kowa, duk mai shakka ya zo da rularsa ya auna da hannunsa. In bai fito hamsin da hamsin ba, ni zan rubuta takardar mayar da shi, Mai Unguwa ya sa hannu. Iyaye mata, ku turo yaran da kuka janye, ko na ranar Asabar ɗin ne kawai.