Bulalar Idon Maƙwabta



A gidan haya na tashi a Nima, ɗaki 12, famfo ɗaya. Wata safiya ƙanena, yana ɗan shekara 8, ya yi wurgi da kwanon koko saboda an ba wani yaro ƙosansa. Ina tsaye. Kafin mahaifiyarmu ta dubi yaron, ƙofofin ɗakuna ta fara dubawa, ta ga su wa ke leƙe, sannan ta ɗauko muciya. Allah ya jiƙanta, tana son mu ƙwarai. Amma dukan nan na maƙwabta ne, don kada a ce ɗan wance ba shi da tarbiyya. Har yau ba wanda ya tambayi yaron zancen ƙosansa.

Yawancin dukan da muke yi a Nima da Maamobi irin wannan ne. Kunya ce ke riƙe da bulalar. Yaro kuwa yana karatu: ya ga babba in ransa ya ɓaci hannu yake ɗagawa, sai ya haddace. Ranar da ya fi ƙarfin muciya, titi zai kai haddarsa. Duk mun ga hotunan faɗan samari da adduna a Nima cikin Janairun 2022. Ban ce duka ne kaɗai ya haife shi ba, akwai zaman banza da ƙwaya, amma kowannensu daga wata tsakar gida ya fito.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci: wannan zancen Turawa ne. Gaskiya ne Gana ce ta fara amincewa da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, muna da dokar yara ta 1998, kuma hukumar ilimi ta hana bulala a makarantu tun 2017. To, a ajiye doka. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Manzon ne kuma ya koya wa mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya kishingiɗa in bai huce ba. Muna karantar da wannan a makarantar allo da dorina a hannu.

Ku dubi Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Da aka tone kabarin limami a Hohoe a 2012, samari suka fusata, haƙuri ya kira su gare shi.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ke uwa, yaro in ya hau, ki ja shi ɗaki, ki saki labule, ki zaunar da shi, ki ba shi ruwa. Mai kuka ba ya jin wa'azi, ki bari numfashinsa ya dawo. Sannan ki ce, "Me aka yi maka?" Ki saurara har ya dire. Kwanon da ya jefar shi zai ɗauko ya wanke, wannan ba fashi. Ku kuma iyaye maza, da kuka dawo daga tasha ko kasuwa a gajiye aka tare ku da ƙara tun daga ƙofa, ku yi alwala, ku ci tuwo tukuna, shari'ar ta jira bayan Isha'i.