Abin da Ruwan Dutsen Mambila Ya Koya Mana Game da Zaizayar Ƙasa

Yau ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi, mu malaman gona, zuwa tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Ku saurara da kyau, don akwai abin da ya shafi gonar kowa a ciki.

Mambila tudu ne mai bisa ƙwarai, kimanin mita 1,600 sama da teku. Daga Mayo Selbe mota take fara hawa, hanya tana ta lanƙwasa har Maisamari. Can akwai sanyi da hazo da ruwan sama mai yawa, shi ya sa ganyen shayi yake yi a Kakara. Ana datse itacensa daidai ƙugun mutum, masu tsinka kuwa ganye biyu da toho ɗaya suke ɗauka.

Bayan mun zaga gonar, sai aka kai mu wani kwari inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse. Tun daga nesa muke jin rugugi. Da muka matso, feshinsa ya jiƙa mana riguna, duwatsun kuma ga santsi, tilas kowa ya tuɓe takalmi. Ruwan garai-garai yake, ana hangen tsakuwar ƙasa, alhali kuwa an kwana ana ruwan sama. A hanyar komowa muka tsallaka wani rafi da ya biyo ta gangaren da aka ƙone, dabbobi kuma suka cinye ciyawarsa. Shi wannan ja wur yake, kamar kunun kanwa. Ruwan sama ɗaya, tsauni ɗaya, amma ga bambanci.

To, mene ne dalili? Rafin farko ya fito ne daga ƙasa mai sutura. Akwai itatuwa da ciyawa a bakinsa, ga kuma layukan shayi da aka dasa a gicciye, ganyensu ya haɗe ya rufe ƙasa. Ɗigon ruwa ba ya dukan ƙasa kai tsaye, sai ya sauka a hankali ya nutse. Rafi na biyu kuwa, jan nan da muka gani ƙasar sama ce ta gonar wani, watau inda taki da albarka suke. In ta tafi ba ta komowa, sai tsakuwa da kwazazzabo.

Ban ce ku shuka shayi ba. Ba ya jure zafi da dogon rani irin namu. Amma dabarar riƙe ƙasa kowa yana iya yinta, ko mai gero ne ko mai masara.

Na farko, in gonarka tana da gangare, ka yi kunya a gicciye, kada ka bi da ita daga sama zuwa ƙasa. Kunyar da ta bi gangare lambatu ka haƙa wa ruwa da hannunka.

Na biyu, ka auna layin kafin ka kafa garma. Sami sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2, ka ɗaure kawunansu, ka gicciya ta uku a tsakiya. Rataya igiya da dutse daga sama. Ka tsai da shi a ƙasa, ka sa alama inda igiyar ta taɓa sandan tsakiya. Sa'an nan ka juya ƙafafun, kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta, ka sake sa alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce daidai. Daga nan duk inda igiya ta tsaya a kanta, ƙafafun biyu suna bisa ɗaya, sai ka kafa turke, ka ci gaba har ƙarshen gona.

Na uku, ka dasa jema ko gamba a kan layin da farkon damina, tushe kusa da tushe, tazarar kamar tsawon tafin hannu. In gangaren ya yi tsanani, layukan su matso kusa da juna. Ciyawar za ta tare ƙasa, ka kuma sami ta zana da ta jinka.

Na huɗu, kada ka ƙone karan gona duka. Bar wani a kwance ya rufe ƙasa kafin ruwan fari.

Na biyar, kada a sare itatuwan bakin rafi, kada kuma a yi noma har gaɓa. Wannan aikin gayya ne, sai ku yi shawara da mai unguwa, don ruwan da ya ɓalle daga gonar sama shi ke cin ta ƙasa.

Ga abin da nake roƙonku. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, kowa ya je ƙasan gonarsa da kwalba, ya ɗebi ruwan da ke fita, ya ajiye ya kwana. Da safe ka dubi lakar da ta kwanta a gindi. In ta yi yawa, ka zo ka same ni, mu je mu auna gonar tare tun kafin huɗa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.